Wai ɗinki "aikin mata" ne?

Hajara: Wallahi yau raina ya ɓaci. Na kai aikina na ƙarshen zango, zanen gado ne da na harhaɗa da tsofaffin atamfofin Innarmu na bi shi da surfani, malamin ko gama warwarewa bai yi ba ya ce wannan aikin mata ne, in je in kawo fenti. To Faith Ringgold fa? Baƙar fata ce 'yar unguwar Harlem a Amurka, bargon ƙyallaye ta riƙa ɗinkawa ta yi zane a tsakiya ta rubuta labari a gefe, na farkonta a 1980 tare da mahaifiyarta mai ɗinki suka yi shi, yau yana cikin abin da ake koyarwa. Matan ƙasar Chile lokacin mulkin soja na Pinochet a kan buhu suka ɗinka labarin mazajensu da 'ya'yansu da sojoji suka ɗauke, wasu har da guntun rigar wanda ya ɓace. In wannan ba fasaha ba ce, mece ce?

Abban Sadik: Ƙanwata dakata, wa ya ce ɗinki aikin mata ne? Ki je Ƙofar Mata ki ga su wa ke bakin karofi hannu ya yi shuɗi har gwiwa. Aska takwas ɗin babbar riga ma maza ke zama a zaure su yi ta da allura.

Maman Ilham: Malam ba ita ta faɗa ba ai, malaminta ne, ka riƙa karantawa. Kuma zaren wa ya kaɗa? Kakata da mazari ta tsufa, yatsa duk alli, riga ta fito a ce rigar wane, mai kaɗi ko sunanta ba a ji.

Abban Sadik: Hajiya kaɗi daban ɗinki daban.

Bazazzagi: Matan birnin Zariya sun daɗe suna ɗinkin hula a cikin gida, har manyan riguna suna yi. Ku Kano in ban da rini me kuka iya?

Abban Sadik: Kai yaro, wa ke sayen hular taku in ba kasuwannin Kano ba?

Anti Bilki: Ku bar wannan. Turawa ne suka raba, fenti fasaha, allura sana'ar gida, saboda mata ke riƙe da ita. Shi ya sa Judy Chicago, wata Ba'amurkiya mai fasaha, ta shirya tebur mai wurin zama 39 a 1979, kowane wuri da sunan mace da shimfiɗa mai ɗinkin hannu, yana gidan tarihi na Brooklyn a Amurka har yanzu.

Malam Nura: Ga shi nan dai, dama na san feminisanci, aƙidar nan ta 'yancin mata, za a shigo mana da shi.

Maman Ilham: Neman a ambaci sunan kakata ne feminisanci? Allah ya kyauta.

Hajara: Don Allah ni shawara nake nema, in sake aikin ko in kai ƙara wajen shugaban sashe?

Bazazzagi: Abban Sadik har yanzu ba ka ce komai kan hula ba.

Admin: To jama'a a taƙaice, an yarda cewa rini da ɗinkin riga asalinsu na maza ne kuma Kano ce cibiya, mata sun taimaka da kaɗi. Hajara ki yi haƙuri ki bi malaminki.

Maman Ilham: Wa ya yarda? Da wa aka yarda?