An tsare ƙanena kan tuƙi cikin maye a Yamai, me doka ta ba shi?

Ramatu: Assalamu alaikum. Daren jiya ƙanena ya buge mai babur da mota a Harobanda, mutumin ya karye a ƙafa, yana kwance a likita. Ƴan sanda sun ce ƙanen nawa a buge yake, sun tsare shi, sun karɓi parmi, motar kuma tana furiyar. Kwana nawa za su riƙe shi? Wa zai biya maganin mai babur?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba mai rauni lafiya. Tsarewar komsariya, wadda ake kira garde à vue, awa 48 ce. Ana iya ƙara wasu 48, amma sai da izinin mai gabatar da ƙara, wato procureur. Daga nan ko a sake shi ko a kai shi kotu. Ki rubuta lokacin da aka kama shi, don daga nan ake fara ƙidaya.

Yana da haƙƙin lauya tun daga kamun, dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 2014 kan aikin lauyoyi ta faɗi haka. In babu hali, ki nemi ofishin ANAJJ a babbar kotu, su ne ke taimakon marasa ƙarfi a shari'a.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne takardar da ƴan sanda ke rubuta bayaninsa a kai, wato PV. Ita alƙali zai buɗe gabansa. Kada ya sa hannu sai ya karanta, in Faransanci bai ishe shi ba a fassara masa. Mutum zai ce "na ɗan taɓa da la'asar", a rubuta "ya amsa yana cikin maye", kuma da zarar hannu ya hau, warwarewa sai an sha wuya. In rubutun ya saɓa wa abin da ya faɗa, ya nemi a gyara, ko ya ƙi sa hannu a rubuta cewa ya ƙi.

Lokotoro Zabeiru: Hajiya, ki tambaya da me aka tabbatar da mayen: ido da hanci, busa na'ura, ko ɗibar jini? Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na'urar busawa tana auna barasa da miligiram a litar numfashi, jini kuwa giram a lita, 0,25 na numfashi daidai yake da 0,5 na jini, kuma ana yawan rikita su. In an busa cikin minti 15 da kurɓar ƙarshe, barasar da ta rage a baki tana ɗaga lamba.

Lokacin gwajin ma hujja ne. Jiki yana ƙone kusan giram 0,10 zuwa 0,15 ne a lita cikin awa guda, kofi, goro da wanka da ruwan sanyi ba sa gaggauta shi. Saboda haka a rubuta ƙarfe nawa hatsarin ya auku, ƙarfe nawa aka ɗebi jini. Sannan in yana da ciwon sukari ko ya bugu a ka, a faɗa wa likita yau ɗin nan. Faɗuwar sukari tana kawo layi, gumi da sarƙewar harshe kamar na mashayi.

Hajiya Mariyama: Batun magani, asiransi zai biya, muddin takardar ba ta mutu ba ranar hatsarin. A ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ke tsara harkar asiransi a Nijar, kamfani ba zai hana wanda aka buge diyya don direba ya sha ba.  Ku sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana biyar na aiki, ku karɓi shaidar sun amsa. Ku haɗa kopi na parmi, katgiriz da takardar asiransi. Duk rasit na magani da hoton ƙashi da kuka biya, ku adana shi cikin ambulan guda.

Abdu Direba: Ni a ganina ku je ku sasanta da dangin mai babur, su janye ƙara, magana ta mutu.

Malam Isufu: Malam Abdu, zuwa dubiya da ɗaukar nauyin magani wajibi ne, alƙali ma yana duba hakan wajen sassauci. Amma janye ƙara ba ya kashe shari'ar, don laifin raunata mutum bisa sakaci procureur ne ke bin sa, ba mai babur ba. Kuma kada ku sa hannu kan wata yarjejeniyar diyya ba da sanin asiransi ba, kamfanin yana iya cewa ba ta hau kansa ba. Masu cewa a ba su jika kaza su "gyara takarda" kuwa, Hajiya, ki yi nesa da su, cin hanci laifi ne na daban da zai hau kan na farko.

In aka gurfanar da shi nan take, ya roƙi a ɗage zaman ya shirya kariya, haƙƙinsa ne. In hukuncin bai yi masa ba, kwana goma yake da su na ɗaukaka ƙara.