Shayi ba sukari ya gagare ni, wai ƙiba ce ta jawo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Nauyina kilo 92, tsayina mita 1.62, likita ya ce in rage zaƙi. Ni kuwa cokali uku na saba zubawa a kofin shayi. Shekaranjiya na dafa koren shayi ba sukari, kurɓa ɗaya na yi na yamutse fuska har da ƙwalla, raina ya ɓaci kamar an zage ni. Ƙanwata, siririya kamar sillen kara, tana gefe tana tauna namijin goro tana min dariya, wai ƙiba ce ta lalata min harshe. Haka ne? Ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar ƙanwarki da ɗan kamshin gaskiya, amma ta zarce. An yi wani ƙaramin bincike a Ajantina a 2013, aka ɗauki bidiyon fuskokin mutane suna shan abu mai ɗaci, sai aka ga masu jiki sun fi nuna ƙyama. Wannan bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Zai yiwu tun farko wanda ɗaci ya fi damu ne ke gudun ganye ya koma wa zaƙi, jiki ya biyo baya. Kuma akwai gado a ciki: harshen ɗan Adam na da nau'o'in ƙwayoyin jin ɗaci kusan 25, ɗaya daga ciki, TAS2R38, ya bambanta tsakanin mutane, har ciki ɗaya. Lissafin BMI ɗinki, wato awon nauyi idan aka gwada shi da tsayi, ya kai 35, don haka ki riƙe maganar likita. Cokali ɗaya na shayi giram 4 ne na sukari, ke ki lissafa kofi nawa kike sha a wuni.

Wata uwar gida: Ƙanwata, kin yi gaggawa ne. Daga uku zuwa babu a rana ɗaya, ai dole. Ni rabin cokali na riƙa ragewa duk sati biyu. Kuma koren shayi ba a tafasa shi, shi ya sa ya zama maɗaci. Ki sauke ruwan ya ɗan huce, ki jefa ganyen shayin ya yi minti biyu ki cire, ki sa citta da na'ana'a.

Wani ɗan uwa: Hajiya ki jiƙa darbejiya da shuwaka ki toshe hanci ki shanye kullum da safe, ɗaci ke narka kitse.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, don Allah a'a. Ɗaci ba ya narka kitse, kuma jiƙe-jiƙen da ba awo na iya taɓa hanta da ƙoda. Shuwaka a miya ba laifi. Koren shayin ma ba dole ba ne, ruwa ya wadatar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Yau biyu da rabi na zuba, ban yi faɗa da kowa ba. Ƙanwar tawa kuma na tura mata bayanin gadon, har yanzu ba ta ba ni amsa ba.