Neman ƙwararrun masu cire rufin amiyant a Damagaram

Assalamu alaikum. Rufin gidanmu da ke unguwar Zango tsohon kwanon siminti ne mai haɗe da amiyant (asbestos, wani ma'adini mai zare-zare), kuma gefensa ya fara marmashewa, har farar ƙura tana zubowa a kan tabarma, dole na fitar da yara daga ɗakin. Zaren amiyant yana jawo kansar huhu, Faransa ma ta haramta shi tun 1997, shi ya sa na dakatar da maginan da suka ce da guduma za su farfasa rufin. Na sa an shafa masa fenti, amma zafin bazara ya ɓare shi. Shin akwai ƙwararru a Damagaram ko Yamai da suke jiƙa shi su cire ba tare da fasawa ba?