Fitilun rana na LED: ta ina zan ɗauko musu wuta?

Sabon Direba:

Assalamu alaikum. Na sayi fitilun rana na LED guda biyu da ake maƙalawa a bamba, kowace wat 6, da wayoyi biyu kacal, ja da baƙa. Motar tsohuwa ce, ba ta zo da su ba. So nake su kama da zarar na tada inji, su mutu in na kunna fitilun dare. Wani ya ce in haɗa su kai tsaye da batir in sa makunni, wani ya ce in jona da wayar dim. Wanne ne daidai? Kuma fis nawa zan sa?

Rewaya:

Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun ka ajiye su. In ka ɗauko daga batir, wata rana za ka manta makunnin a kunne, ka wayi gari mota ba ta tashi. In ka jona da dim kuwa, sai da dare za su riƙa kamawa, ka ga an yi baya ba zane.

Wutar da kake nema tana akwatin fis. Ka sa testa ko mita ka nemo fis ɗin da ba shi da wuta in makulli yana kashe, sai an murɗa shi. Akwai iri biyu: na ACC, wanda ke kamawa tun a murɗar farko, kamar na rediyo, da na IGN, wanda sai dashbod ya kawo wuta. Na IGN ya fi, don in kana zaune kana jin rediyo ba inji, fitilun ba za su ci batir ba. Kada ka kusanci fis ɗin jakar iska, ko na birkin ABS, ko na kwamfutar inji.

Akwai 'yar mahaɗa da ake sayarwa mai ramin fis biyu da waya a jiki. Ka zare fis ɗin motar, ka mayar da shi a ramin ƙasa, ka sa naka a na sama, ka soka ta a gurbin. Tana da fuska: ƙafar da ke nesa da wayar ita za ta shiga ɓangaren da wuta ke shigowa. In ka juya ta, wutar fitilunka za ta bi ta cikin fis ɗin motar tukuna, nauyi biyu a kan fis ɗaya.

Lissafin fis ba wuya. Wat 12 a kan volt 12, amfiya 1 ke nan. Ka sa fis mai amfiya 3. Waya mai kaurin 0.75 mm² ta isa har da ragi.

Don su mutu da dare, ka nemi rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa biyar, kowace da lambarta. Wutar da ta fito daga fis ta shiga ƙafa ta 30. Jan wayoyin fitilun biyu su tafi 87a. Ƙafa ta 87 a bar ta haka, a rufe ta. Ta 85 a jikin mota, ta 86 a wayar fozitif ta fitilar fakin. Muddin fakin yana kashe, 30 da 87a a haɗe suke, fitilun rana na ci. Kana kunna fakin rilen zai ja, ya yanke su. Baƙaƙen wayoyin kuma a ɗaure su a noti na jikin mota, bayan an kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. Galibin ƙyafƙyaftawar da ake kuka da ita daga wannan notin take.

Ka cire kan batir na negatif kafin ka fara yanke-yanke.

Mai Mita:

Bayanin Oga Rewaya ya yi. Zan ƙara dalilin da ya sa ya ce fakin, bai ce dim ba, don nan mutane ke ruɗewa. Motoci da dama, musamman tsofaffin Toyota, ta negatif suke kunna babbar fitila. Wato fozitif yana zaune a kan ƙwan, makunnin kuma negatif, wato jikin mota, yake ba shi. In ka kai 86 can, za ka iya tarar da rile ya ja a lokacin da bai kamata ba, ko ya saki in ka ɗaga ful. Wayar fakin ba ta da wannan rigimar, kuma tana nan kunne ko dim kake ko ful.

In rilen mai dayod ne a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, za ka ga alamarsa a zanen da ke jikinsa. Irin wannan ba a juya masa ƙafa: 86 fozitif, 85 negatif. Ka juya, dayod ɗin ya ƙone ko fis ɗin fakin ya tsinke.

Akwai kuma ƙaramin akwati da ake haɗawa da kan batir kai tsaye, yana auna ƙarfin wuta. Batir a kwance yana wajen volt 12.6, in altaneta ta fara caji ya haura zuwa 13.8 ko 14.4, sai akwatin ya kunna fitilun. Aikinsa sauƙi ne, ba sai an ratsa da waya cikin mota ba. Aibinsa yana fitowa a sababbin motocin da kwamfuta ke rage caji a kan hanya: wuta ta sauka, fitilun su ɗauke, su dawo. Kuma bayan an kashe inji sukan ɗan jima kafin su mutu, don batirin bai sauko nan take ba. A tsohuwar mota irin taka zai yi aiki, amma ni rile na fi yarda da shi. Ko akwatin ka zaɓa, ka tabbata akwai fis a kusa da kan batir.

Sabon Direba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura wurin maƙalawa, da yadda zan fito da wayar daga ciki zuwa gaba.

Rewaya:

Duba ƙarƙashin bonet tukuna, motoci da yawa suna da akwatin fis na biyu a can, mai yiwuwa ka samu IGN ba sai ka shiga ciki ba. In dole ne, ka bi ta robar da wayoyin motar suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba. Kada ka bi da waya ta ramin ƙarfe tsirara. Girgiza za ta sa bakin ƙarfen ya ci rigar wayar a hankali, ranar da ya kai ga tagulla sai shot. Ka sa ta cikin bututun roba, ka ɗaure duk bayan taƙi ɗaya, nesa da salansa, da fankar lagireto, da bel.

Mahaɗa kuma, murɗa waya da naɗe ta da salatif ba ya ɗorewa a wurin da zafi da ruwa suke. A yi dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Rilen a ɗaure shi ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Wurin maƙalawa, ƙa'idar da Tarayyar Turai ke bi ta isa abin koyi, can tun 2011 aka wajabta fitilun rana a sababbin samfurin motoci. Fari ne launinsu, tsayi daga ƙasa tsakanin santimita 25 da 150, tazarar da ke tsakaninsu aƙalla santimita 60, suna kallon gaba sak. Kada ka manna su da sigina, haskensu zai danne ta. In tazarar ba ta wuce santimita 4 ba, sai an yi dabarar da fitilar ranar da ke ɓangaren za ta mutu ko ta rage haske lokacin da sigina ke ƙyaftawa. Ka auna daga tsakiyar bamba zuwa kowane gefe, ka yi alama, ka gwada su a kunne kafin ka huda.

Mai Mita:

Abu ɗaya da zai shafe ka bayan an gama: fitilun rana gaba kawai suke haskawa, na baya a kashe suke. Da magariba, ko cikin ruwan sama da hazo, hasken da kake gani a gabanka zai iya sa ka zaci ka kunna fitila, alhali na bayanka ba ya ganinka. Ka kunna dim da hannunka. Gwajin ƙarshe kuma a yi shi da mutum a tsaye gaban motar: makulli a kashe ba wuta, inji a kunne sun kama, fakin sun mutu, dim da ful suna nan a mace. In sun ƙi mutuwa da fakin, ka sa testa a 86. In akwai wuta a can amma rilen bai yi ƙara ba, matsalar tana 85, ko kuma rilen ne ya lalace.