Kwamfuta ɗaya, adireshin imel uku: sunan mai aikawa da abin da ke fitowa a takarda

Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, Terminus

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da irin wannan lamari su gaya mana yadda suka yi. A ofishin ƙungiyarmu kwamfuta ɗaya ce, amma adireshin imel uku ake aiki da su a kanta, wato na shugaba, na ma'aji da na sakatare, kuma da yake ni ne nake wuni a ofis, wasiƙun ukun duka ta hannuna suke fita. Abu biyu ne suke damun mu. Na farko, wasiƙa takan zo wa ma'aji, idan aka amsa ta sai amsar ta fita da adireshin sakatare, har wani dillali ya taɓa riƙe mana kaya don bai yarda daga wurinmu saƙon ya fito ba. Na biyu, masu binciken kuɗi sun ce a riƙa buga duk wasiƙar da ta shafi biyan kuɗi ana sakawa a fayil, amma duk takardar da muka buga daga manhajar imel ta Outlook, sunan sakataren da ya gabace ni ne yake fitowa da rubutu mai kauri a samanta, alhali ya bar kujerar tun bara. Wasu sun ba mu shawarar komawa wata manhajar imel mai suna Thunderbird, shi ya sa nake son jin ta bakin masu aiki da kowannensu.

Sakatariyar makaranta, Anguwan Rogo

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Matsalarka ta biyu na san ta sarai, domin na same ta a ofishinmu lokacin da na karɓi aiki. Tsarin bugawa da Outlook ta kwamfuta take amfani da shi ga wasiƙa ɗaya shi ne wanda ake kira Memo Style, kuma shi ne yake sa suna a saman takarda da layi a ƙarƙashinsa kafin ya kawo mai aikawa, ranar aikawa, mai karɓa da jigon wasiƙar. Wannan suna ba ya cikin wasiƙar ko kaɗan. Daga saitin asusun yake ɗauko shi, a gurbin da aka rubuta Your name, kuma a cikin tsarin bugawar babu inda ake kashe shi, sai dai a canza shi. Mu da muka canza, ba sunana na saka ba, sunan ofis na saka, saboda duk wadda za ta gaje ni kada ta sake tarar da abin da na tarar. Ka kuma sani cewa sunan nan shi ne masu karɓar wasiƙunku suke gani, ke nan tun bara duk wanda ka rubuta wa yana ganin sunan wanda ya tafi. Idan kuwa imel ɗinku a kan Exchange ko Microsoft 365 yake, wato tsarin imel na ma'aikatu na kamfanin Microsoft, ba kai za ka iya gyarawa ba, mai kula da tsarin ne zai canza shi daga can.

Waɗanda suka yi aiki a zamanin Windows XP za su tuna cewa Outlook Express tana da wurin da kowane ma'aikaci yake da nasa ɓangaren, a sauya daga wannan zuwa wancan har da kalmar sirri. Da Windows Vista ta zo da Windows Mail aka cire wannan. A Outlook abin da ya fi kusa da shi shi ne furofayil, wanda ake buɗewa ta Control Panel a ƙarƙashin Mail, kuma ana iya sa ta ta riƙa tambaya wanne za a shiga a duk lokacin da aka kunna ta.

Mai gyaran kwamfuta, titin Ahmadu Bello

Hajiya ta yi bayani daidai a kan Outlook. Ni zan yi magana a kan Thunderbird, domin ita nake saka wa yawancin ƙananan ofisoshin da suke kawo mini aiki, tunda kyauta ce kuma ba ta da nauyi ga tsofaffin kwamfutoci.

Abin da mutane suke haɗawa shi ne asusu da shaidar mai aikawa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Asusu shi ne akwatin da saƙo yake shigowa. Shaida kuwa ita ce tarin bayanan da suke fita tare da wasiƙa: suna, adireshi, adireshin da za a mayar da amsa, sunan ƙungiya, sa hannun ƙasan wasiƙa, babban fayil ɗin da kwafin abin da aka aika zai zauna, da kuma sabar da za ta fitar da saƙon, wato kwamfutar masu ba da hidimar imel. Asusu ɗaya yana iya ɗaukar shaidu da yawa, ana ƙara su a saitin asusu ta maɓallin Manage Identities. Idan ka danna amsa, Thunderbird tana duba adireshin da aka aiko wa saƙon, ta nemi shaidar da ta dace da shi ta saka a layin From. Idan ba ta samu ba sai ta koma ga shaidar farko ta asusun. A ofisoshin da na duba masu irin matsalarka ta farko, ko da wace manhaja suke aiki, dalilin kusan kullum ɗaya ne: ana tura saƙonnin ma'aji da na shugaba zuwa akwatin sakatare, ba a kuma saita sauran adireshin a matsayin masu aikawa ba, saboda haka manhajar ba ta san wani suna ba sai na sakatare.

Wurin da na fi ganin ana tuntuɓe shi ne sabar fitarwa. Mutum zai ƙirƙiri shaida da adireshin ƙungiya mai ƙarewa da .org.ng, amma ya bar gurbin sabar a kan ta asali, wadda sau da yawa ta Gmail ce. Idan ba a yi wa wannan adireshi rajista a cikin Gmail ta wurin Send mail as ba, Gmail takan maye gurbinsa da adireshinta, sai wasiƙar shugaba ta isa da adireshin Gmail na wani mutum. Wasu sabobin kuma suna barin saƙon ya wuce yadda yake, amma a can wurin mai karɓa sai ya faɗi gwajin SPF da DKIM, waɗanda suke tabbatar da cewa sabar da ta aiko tana da izinin aikawa da sunan wannan yanki, wato ɓangaren adireshin da ke bayan alamar @, ya faɗa cikin tarkacen saƙonni ko a ƙi karɓarsa. Tun watan Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka tsananta waɗannan sharuɗɗa, ƙorafin da ake kawo mini a kan haka ya ƙaru. Shawarata ita ce kowace shaida a haɗa ta da sabar adireshinta, da sunan shiga da kalmar sirrinta, yawanci a tashar 587 ko 465, sannan a aika wa kai gwaji daga kowace ɗaya kafin a fara aiki.

Akawu, Bukuru

Injiniya, ina girmama iliminka, amma a ofishin da ake maganar kuɗi ban yarda a tara shaidu uku a wuri ɗaya ba, ko da an saita su daidai. Shaida ba makulli ba ce. Kamar a ajiye hatimin shugaba da na ma'aji da na sakatare ne a aljihun tebur ɗaya da ba a kulle shi, duk wanda ya zauna a kujerar zai iya zaɓar sunan ma'aji ya umarci a biya kuɗi, kuma babu abin da zai nuna daga baya cewa ba ma'ajin ba ne ya rubuta. Ba ina zargin Malam Sakatare ba ne, hasali ma shi nake ji wa tsoro, domin ranar da wata wasiƙa ta jawo rigima, shi za a fara nuna wa yatsa. Babbar kalmar sirrin Thunderbird ma kalmomin sirrin da aka adana kawai take karewa, ba ta rufe wasiƙun da aka riga aka sauke a kwamfutar. A kamfanin da nake aiki, kowane mai sa hannu yana da nasa asusun Windows da tasa kalmar sirri, kuma idan sakatare zai rubuta a madadin manaja, izinin Send on Behalf na Exchange ake ba shi, wanda yake nuna wa mai karɓa cewa wane ne ya aiko a madadin wane. Akwai kuma izinin Send As da ba ya nuna hakan, mu mun hana amfani da shi.

Dillalin da ya riƙe muku kaya bai yi laifi ba. Mun taɓa samun saƙo ɗauke da cikakken sunan wani abokin cinikinmu, yana cewa ya canza lambar asusun banki. A fuskar kwamfuta komai daidai yake, sai da aka buɗe cikakkun bayanan kan saƙon aka ga adireshin ya bambanta da na gaske da harafi ɗaya, layin Reply-To kuma yana kai amsa wani wuri dabam.

Lauya, Rayfield

Alhaji Akawu ya taɓo abin da ya shafi aikina, don haka bari in tsaya a kan takardar da ake bugawa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da nuna cewa ana amfani da kwamfutar a kai a kai kuma tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar tabbaci da mai alhakin na'urar ko aikin zai sa wa hannu, mai bayyana yadda aka samar da takardar. Karɓar takarda daban, nauyin da alƙali zai ba ta daban, kuma a nan ne bugu na yau da kullum yake gazawa. Layuka huɗun da muka saba gani, wato mai aikawa, mai karɓa, rana da jigo, duka daga ɓangaren mai aikawa suke fitowa. Ranar ma daga agogon kwamfutarsa take, kuma mun san yadda tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirinsu ya mutu suke rikita kwanan wata bayan an ɗauke wuta. Na taɓa riƙe wasiƙar da ranarta ta gabaci kwangilar da take magana a kai da shekaru.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne layukan Received, waɗanda kowace sabar da saƙon ya ratsa take ƙarawa da nata lokacin. Daga ƙasa zuwa sama ake karanta su, na can sama shi ne na sabar mai karɓa, kuma shi ne mai aikawa ba ya iya taɓawa. A lura da lambar da ke ƙarshen lokacin: +0100 agogon Najeriya ne, +0000 kuwa yana bayanmu da awa ɗaya, kuma wannan awa ɗaya tana iya raba wanda ya cika wa'adi da wanda ya makara. Akwai kuma Message-ID, lambar da ta keɓanta ga kowane saƙo, wadda amsa take ambatawa a layin In-Reply-To, ta haka ake tabbatar da cewa wannan amsar ta wancan saƙon ce.

A Thunderbird, idan ka zaɓi View, Headers, All kafin ka buga, duk waɗannan layuka za su fito a takarda, ko ka danna Ctrl da U ka ga asalin saƙon gaba ɗaya. Outlook ba ta buga su, sai an buɗe saƙon an shiga File, Properties, a kwafo su daga gurbin Internet headers. Ga wasiƙun kuɗi ina ba da shawarar a adana ainihin fayil ɗin ma, .eml a Thunderbird ko .msg a Outlook, domin tura saƙon ga wani yana haifar da sabon saƙo ne mai sababbin bayanai, na asali ba sa binsa sai an liƙa shi a matsayin fayil. Sannan a yi hattara da bugawa daga kwafin abin da aka aika, saboda a can sunayen waɗanda aka saka a Bcc, wato gurbin masu karɓar kwafi a ɓoye, suna nan, kuma za su iya bayyana a takardar da za a miƙa wa wanda aka ɓoye wa su.

Malamin Hausa, Farin Gada

Ƙarin bayani kaɗan ga masu rubuta sunan ƙungiya da haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ. Ni haka na rubuta sunan sashenmu a shaidata, kuma a Thunderbird da Outlook da Gmail yana fitowa daidai. Amma idan aka buɗe asalin saƙon kamar yadda Barista ya ce, sunan zai koma jerin alamomi masu farawa da =?UTF-8? har mutum ya ɗauka an lalata shi. Ba lalacewa ba ce, hanyar da aka tsara ce ta ɗaukar haruffan da ba na Ingilishi ba a kan saƙo, manhaja ce take warware ta idan za ta nuna. Saboda haka duk wanda zai kai asalin saƙo gaban masu bincike ya haɗa da bugu na yau da kullum, don su ga sunan yadda ake karanta shi.

Mai gyaran kwamfuta, titin Ahmadu Bello

Na karɓi gyaran Alhaji Akawu a kan adireshin ma'aji. Inda na tsaya shi ne adireshin da mutum ɗaya ne yake da alhakinsu, kamar na sakatare da na tambayoyin jama'a, waɗannan babu dalilin raba su. Sai kuma abu ɗaya da Barista bai ambata ba: ƙananan rubutun da suke fitowa a gefen sama da ƙasan takarda, irin lambar shafi da kwanan wata, ba na wasiƙar ba ne, na bugawar ne, kuma kwanan watan na ranar da aka buga ne. Na ga masu bincike sun ɗauke shi a matsayin ranar aikawa. A Thunderbird ana cire su a allon bugawa ta hanyar kashe Print headers and footers, amma idan wasiƙar ta wuce shafi ɗaya gara a bar su saboda lambar shafi.

Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, Terminus

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi bayanin Hajiya, yanzu sunan ofishin sakatare ne yake fitowa a takarda. Na kai wa shugaba maganar Alhaji Akawu, ya amince a buɗe wa ma'aji nasa asusun Windows, a kuma daina tura wasiƙunsa zuwa akwatina. Adireshin shugaba ne ya rage, domin shi ba ya zama a ofis kuma imel ɗinmu ba a kan Exchange yake ba, ballantana mu sami izinin aikawa a madadi. Abin da muka tsayar kafin taron wata shi ne in riƙa rubutawa daga adireshin sakatare, in faɗa a jimlar farko cewa da umarnin shugaba nake rubutu, in kuma saka shi a Cc, wato gurbin masu karɓar kwafi. Barista, tsofaffin takardun da aka riga aka saka a fayil da sunan wanda ya gabace ni, a sake buga su ne, ko a bar su yadda suke a haɗa da takardar bayani?