Musayar baituka a kan Sharaku, mai zanen hotunan da ake bugawa da katako a birnin Edo (Tokyo ta yanzu), da fuskokin 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan

Ɗan Masassaƙa:
Ku zo ku ga aikin Sharaku na Edo,
Da ya zana ɗan wasa Oniji yana harara.
Yatsu a baje, baki a murguɗe,
Zai wa bara ƙwace ba kunya.
Daga 1794 wata goma ya yi yana zane,
Sai ya ɓace ba ko sallama.

Uwar Baiti:
Ƙanena, halinsa ya kore shi kasuwa,
Wa zai sayi hoton da ya ci masa fuska?
Gardi ya sha kwalliya ya fito a mace,
Shi ko ya bar masa hanci kamar lauje da ƙatuwar haɓa.
Mai zane Toyokuni ya san darajar jarumi,
Shi ya sa ya daɗe ana rububinsa.

Na Gobir:
Allah ya ja zamanin Hajiya! An kwantar da yaro.

Ɗan Masassaƙa:
Yaya, kin saba da hoton waya,
Mai goge ƙuraje ya ƙara haske.
Tun 1629 aka hana mata dandali,
In ya zana gardi, ina ƙarya take?

Malam Aruli:
Dakata, Ɗan Masassaƙa. Rera ɗangon 1794 da baki ka ji, numfashi zai ƙare ba ka kai gaɓar ƙarshe ba. Yanzu kuma ka sake cusa 1629. Karin ya karye sau biyu.

Ɗan Masassaƙa:
Malam, ɗangon Yaya na huɗu ya fi nawa tsawo, ba ka gan shi ba?

Malam Aruli:
Na gani. Nata ɗingishi ne, naka karaya.

Baba Mai Gizago:
Yara, kun manta da mai sassaƙa,
Shi ke fitar da silin gashi a katako.
Kowane launi da allonsa daban,
Mai bugu ya murza takarda da ƙarfin hannu.
Tsutaya mai shagon hotuna ya kwashi kuɗi,
Su ko ba wanda ya san sunansu.

Uwar Baiti:
Baba ya yi magana, na risina,
Ɗan Masassaƙa bai tuna da gidansu ba.

Na Gobir:
Biyu ba ko ɗaya!

Malam Aruli:
Baba, a gafarce ni, katako da hannu ba su amsa juna ba. Ɗan Masassaƙa, ina jiran gyaran ɗangon nan.