Tasha ɗaya za ta iya ɗaukar sabon jirgi da tsohon jirgi a Zariya?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum. Tun da aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano a 2021, wanda zai ratsa Zariya, nake son masana su fayyace mana abu guda. Shin jirgi mai gudu da jirgin da ke tsayawa a ƙananan garuruwa za su iya haɗa tasha, yadda wanda ya taso daga Funtuwa zai sauka ya hau na Abuja ba tare da neman mota ba?

Tsohon ma'aikacin reluwe: Wa alaikumus salam, ɗana. Tasha za su iya haɗawa, amma dogo kam kowa da nasa. Faɗin tsohon layin da ya isa Kano a 1911 milimita 1,067 ne, shi kuwa sabon 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Rigasa, saboda haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan, domin ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne kawai, kuma a nan ake sauya kaya da fasinja. Japan ma haka take: jiragensu masu gudu suna kan 1,435, na gida yawanci kan 1,067, sai a ware wa kowanne dandamalinsa a cikin tasha guda.

Malamin Samaru: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Gyara ɗaya nake da shi ga mai tambaya: layin Abuja zuwa Kaduna an tsara shi ne don gudun kilomita 150 a awa, alhali sababbin layukan da duniya ke kira masu gudu daga 250 suke farawa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kenitra a Maroko. Tun 2018 jirgin Al Boraq yake zuwa can daga Tanja da gudun kilomita 320, daga nan ya hau tsohon layi zuwa Rabat da Kasabalanka, a tashar da jiragen gida ma suke tsayawa. Faɗin dogonsu ɗaya ne, shi ya sa abin ya zo musu da sauƙi.

Hajiya 'yar Tudun Wada: Malam, ni damuwata jadawali ce. Ko an farfaɗo da reshen Funtuwa, Gusau da Ƙaura Namoda, idan jirginsa ya iso bayan na Abuja ya wuce, 'yar kasuwa mai kaya za ta koma tashar mota ne. A daidaita lokutan biyu, a kuma sayar da tikiti ɗaya da zai kai mutum har inda ya nufa.